Ba Kowane Tabo Ne Kuturta Ba

A wannan fili mun saba tattauna zaman gida da renon yara. Amma a watan nan za mu yi magana a kan wani ciwon fata, gama ya biyo mu har cikin aji.

Wata yarinya mai ƙwazo a ajinmu ta fara zama ita kaɗai a benci. Da muka bincika sai muka tarar yara sun jiyo a gida wai babanta kuturu ne. Baban nan nata mai sayar da hatsi ne a Babbar Kasuwa ta Katsina, ya daɗe yana wannan sana'a. Ran Asabar muka je rumfarsa. Bayan mun gaisa, ya naɗe hannun riga ya nuna mana. Gwiwar hannunsa duka biyu da bayan hannuwansa sun yi kauri, launinsu ya yi duhu, bisa kuwa ga wani ɓawo fari-fari kamar toka, in ya sosa sai ya zubo. Haka gwiwoyin ƙafarsa su ke, haka kuma fatar kansa.

Ya ce, "Malam, shekara uku ke nan. Waɗanda suka saba sayen hatsi a wurina yanzu sai su wuce. Wanda ya tsaya ma ba ya so in taɓa tiya. Man shafawa kuwa babu irin wanda ban saya ba cikin kasuwan nan. In na shafa ya lafa mako biyu, in na bari ya dawo ya fi na dā."

Muka roƙe shi ya je asibiti, ya yarda. Likita ya duba shi da kyau, ya ce ba kuturta ba ce, ba kuwa makero ba ne. Wani ciwo ne dabam da likitoci ke kira soriyasis. Daga nan muka shiga karatu da tambaya, domin mu sami abin da za mu faɗa wa yara da iyayensu. Abin da muka samo shi ne mu ke kawo muku.

Yadda ciwon ya ke

Fatarmu tana sabuntawa kullum ba mu sani ba. Sababbin ƙwayoyin fata su kan tsiro daga ƙasa, su yi ta hawa a hankali har su iso sama, su bushe, su kakkaɓe. Tafiyan nan ta kan ɗauki wajen wata guda. Ga mai soriyasis kuwa, cikin kwana 3 zuwa 5 sun riga sun iso. Ba su nuna ba, ba su kuwa sami lokacin kakkaɓewa ba, sai su taru bisa juna. Tarin nan shi ne ɓawon da mu ke gani.

Ya fi kama gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, da ƙugu. Ya kan taɓa farce, ya yi ƙananan ramuka ko ya ɗago. A jikin Bature tabon ja ne, haka kuma yawancin hotunan littattafan likita su ke nunawa. A baƙar fata kuwa ya kan yi duhu, ko ruwan toka, don haka a kan ɗauke shi makero ne, ko amosanin kai, ko kuturta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin rahotonta na 2016 mutanen da ke da shi a duniya sun kai miliyan 100 ko fi. A Afirka ta Yamma bai yi yawa kamar a Turai ko Afirka ta Gabas ba. Ƙarancin nan ne ma ya sa mutanenmu ba su san shi ba, har ba mu da sunansa na musamman da Hausa.

'Yan aiken jiki

To, me ke sa fata wannan gaggawa? Bari mu yi misali da kasuwa. Waɗanda suka ga gobarar da ta ci rumfuna a Babbar Kasuwa cikin watan Maris na 2021 sun san yadda yekuwa ke tafiya. Mutum ɗaya ya ga hayaƙi ya yi ihu, na kusa da shi ya karɓa, kafin ƙiftawar ido labari ya game gari. Wasu su zo da bokiti, wasu su ɓalle ƙofa su fid da kaya. Ihun nan abin kirki ne, gama in ba shi da asarar ta fi haka. Amma a ce babu wuta, ihu kuwa bai tsaya ba. Kowace safiya a zo a sheƙa wa buhunan mutum ruwa, a ɓalle masa ƙofa. Ashe masu taimako sun zama su ne masu ɓarna.

Jikinmu ma yana da masu gadi, watau fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Su ba su da baki, ba su da kunne. In za su kira juna sai su saki waɗansu sinadarai ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Masana suna kiransu saitokin, mu kuwa bari mu kira su 'yan aike. Kowane ɗan aike yana da ƙofar da ya ke ƙwanƙwasawa a jikin ƙwayar da aka aike shi wurinta, kamar yadda kowane mabuɗi ke da kwaɗonsa. In ƙaya ta soke ka wurin ya yi zafi ya kumbura, aikin 'yan aiken nan ne. Sun buɗe hanyoyin jini, sun kirawo mayaƙa. Sa'ad da aiki ya ƙare sai waɗansu 'yan aiken su zo da saƙon a koma gida.

Cikin soriyasis 'yan aike uku ne manyan masu laifi. Na fari shi ne intalukin 23. Masu gadin da ke zaune cikin fata su ke sakinsa, ya je ya ta da wata ƙungiya ta fararen ƙwayoyin jini da a ke kira T. Su kuma sai su saki na biyu, watau intalukin 17. Shi ne ke zuwa wurin ƙwayoyin fata ya ce musu su yi ta haihuwa da sauri, kamar akwai rauni da za a rufe. Na uku sunansa TNF, shi ne ke ƙara wa ihun ƙarfi. Ƙwayoyin fata kuwa da suka ji saƙo ba su kan yi shiru ba, su ma sai su saki nasu 'yan aiken su kirawo ƙarin mayaƙa. Mayaƙan da suka iso su sāke ta da masu gadi. Haka abin ke zagayawa wata da watanni, alhali kuwa babu abokin gaba ko ɗaya a wurin.

Kada mu ɗauka 'yan aiken nan mugaye ne. Intalukin 17 shi ke tsare baki da fata daga cututtuka irin na fumfuna. TNF kuwa yana taimakon jiki ya killace ƙwayar tarin fuka a huhu don kada ta bazu. Laifinsu ɗaya ne cikin wannan ciwo, sun ƙi yin shiru.

Wanda zai kamu da ciwon ya kan gaji halin daga iyaye ko kakanni, ko da ya ke su bai bayyana a jikinsu ba. Sa'an nan wani abu ya zo ya ta da shi. Ga yara da matasa sau da yawa ciwon maƙogwaro ne, bayan mako biyu ko uku sai ƙananan tabo su fito a jiki kamar an yayyafa. Ga manya kuwa akwai damuwa, da shan taba, da giya, da ƙiba, da waɗansu magunguna, har da kulorokwin da muka sha a dā domin zazzaɓi. Iskar hunturu mai busar da fata ita ma ta kan ƙara shi. Wani likitan Jamus mai suna Heinrich Köbner ya lura a shekarun 1870 cewa inda duk fatar mai ciwon ta ji rauni, nan sabon tabo kan fito. Saboda haka tsaga, da sakiya, da gogawa da dutse, ƙara wa wuta itace ne.

Yadda aka gane

Shekaru da yawa likitoci suna tsammani laifin fata ne kaɗai. A 1957 waɗansu masana biyu a London, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suka gano ɗaya daga cikin 'yan aiken jiki, suka sa masa suna intaferon. A 1975 aka gano TNF a New York. Amma ba wanda ya haɗa su da wannan ciwo tukuna. Sai a 1979 waɗansu likitoci suka ba masu ciwon gaɓoɓi wani magani mai suna saikulosforin, wanda aikinsa danne mayaƙan jiki ne. Cikin marasa lafiyan akwai masu soriyasis, sai ga fatarsu ta washe cikin kwanaki kaɗan. Nan hankali ya komo kan mayaƙan jiki. Aka gano intalukin 17 a 1993, intalukin 23 kuma a 2000.

Da aka san 'yan aiken sai aka ƙera allurai masu tare su ɗaya ɗaya. A Amurka an yarda da allurar da ke tare TNF domin wannan ciwon fata a 2004, mai tare intalukin 17 a 2015, mai tare intalukin 23 kaɗai kuma a 2017. Mutane da yawa da suka yi shekaru suna ɓoye jikinsu sun ga fatarsu ta koma sumul. Wannan shi ne babban tabbaci cewa tushen ciwon yana cikin saƙon da jiki ke aika wa kansa.

Mu lura da abin da wannan ke nufi. Tun da ya ke babu ƙwayar cuta cikin tabon, babu abin da zai tsallaka zuwa jikin wani. Ba a ɗaukarsa ta gaisuwa, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko kwana a shimfiɗa ɗaya. Hatsin da mai ciwon ya auna lafiyayye ne. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba sammu ba ne, ba kuwa alhakin wani zunubi ba ne.

Bambancinsa da kuturta

Ba mutanen Katsina kaɗai suka yi wannan kuskure ba. A Turai ma ɗaruruwan shekaru an haɗa cututtukan biyu ƙarƙashin suna ɗaya, aka ware mutane da yawa a banza. Wani likitan Ingila, Robert Willan, ya bayyana kamannin soriyasis dalla dalla a 1808. Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya raba shi da kuturta sarai a 1841. A 1873 kuma Gerhard Hansen na ƙasar Norwe ya ga ƙwayar kuturta da madubin likita. Masanan Littafi Mai Tsarki ma sun nuna cewa kalmar Ibrananci da aka fassara kuturta cikin Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta ƙunshi cututtukan fata iri iri, shi ya sa a can har tufa da bangon ɗaki a kan ce sun kamu.

Mutanen garin nan sun san kuturta, gama tun shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka yi jiyyar kutare a Babbar Ruga, kamar yadda suka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Tsoron da aka gada daga wancan zamani shi ke sa a guji duk mai tabo. Amma bambancin a fili ya ke. Tabon kuturta ya kan fi sauran fata haske, ba shi da ɓawo mai kauri, ba ya yawan ƙaiƙayi, in kuwa aka shafa masa auduga mutum ba ya ji. Tabon soriyasis yana da kauri da ɓawo, ya kan yi ƙaiƙayi, mutum yana jin taɓawa sarai, in an ɓamɓare ɓawon kuma sai jini ya tsattsafo ɗigo ɗigo. Duk da haka ma'aikacin lafiya ne zai yanke magana, ba maƙwabci ba.

Ko da a ce kuturtar ce, yanzu ba abin gudu ba ce. Tana warkewa da magani cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da maganin ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya fara sha ya daina sa wa mutane.

Man shafawa na kasuwa

Yanzu mu komo kan kukan mai hatsi, cewa in ya shafa ya lafa, in ya bari ya dawo ya fi na dā. Yawancin man da a ke sayarwa domin ƙaiƙayi, musamman wanda a ke cewa mai aiki uku, yana da wani sinadari mai ƙarfi da a ke kira sitiroyid. In kun duba jikin kwali za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Aikinsa shi ne toshe bakin 'yan aike dukansu, nagari da masu laifi. Shi ya sa tabo ke kwantawa nan da nan. Likitoci ma suna ba da shi, amma da awo, na ɗan lokaci, a inda ya dace, su kuma janye shi a hankali.

In mutum ya yi ta shafawa wata da watanni, fata ta kan yi laushi ta sirance har jijiyoyi su bayyana, ta yi nankarwa, launinta ya koɗe. Makero kuwa in yana nan sai ya sami sarari ya bazu, tun da masu gadi suna barci. In wurin da a ke shafawa yana da faɗi, maganin ya kan shiga jini ya ta da sukari da hawan jini. Ran da aka bari farat ɗaya, 'yan aiken da aka danne sai su tashi gaba ɗaya. Haɗarin ya fi girma ga mai shan sitiroyid na ƙwaya, irin waɗanda wasu ke sha domin ƙiba, ko mai karɓar allurarsa a kemis. Bayan an daina, jiki duka ya kan iya yin ja ya fito da ƙuraje masu mugunya tare da zazzaɓi. Wannan kuwa sai an kwantar da mutum a asibiti.

Maganin da ke akwai

Gaskiya ita ce har yanzu babu maganin da ke tumɓuke soriyasis. Ya kan tafi ya dawo. Duk wanda ya ce zai raba ku da shi har abada cikin mako guda, kuɗinku ya ke so. Amma a kan iya kwantar da shi mutum ya yi zamansa lafiya. Ga mai tabo kaɗan, likita ya kan ba da man sitiroyid da awo, da wani mai da aka yi daga bitamin D, ko man kwalta na asibiti. Hasken rana daidai gwargwado yana taimako, tun 1925 ma wani likitan Amurka mai suna Goeckerman ya haɗa man kwalta da hasken fitila ta musamman ya ga amfani. Ga wanda ciwon ya game jikinsa akwai ƙwayar metotireksat. Sau ɗaya a mako a ke shanta, ba kullum ba. Tana bukatar gwajin jini domin hanta, mace mai ciki ko mai neman ciki kuwa ba ta shanta ko kaɗan.

Sababbin alluran nan da muka ambata suna da tsada ƙwarai, sai an ajiye su cikin firiji, samunsu kuma a ƙasarmu da wuya. Kafin a yi wa mutum mai tare TNF lalle ne a gwada shi domin tarin fuka, gama in aka ɗauke mai gadin, ƙwayar da ke kwance ta kan farka. Mu da tarin fuka ya yi yawa a cikinmu, wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai wani dalili kuma na zuwa asibiti. 'Yan aiken nan ba a fata kaɗai su ke tsayawa ba, suna bin jini. Wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon ya kan sami ciwon gaɓoɓi, yatsa ya kumbura gaba ɗaya, ko diddige, ko baya ya ƙage da safe. In an yi jinkiri gaɓar ta kan lalace ba gyara. Ciwon sukari da na zuciya su ma sun fi samun masu soriyasis. In kuwa ciwon ya taso wa babban mutum farat ɗaya da ƙarfi, likita ya kan nemi a gwada jini domin cutar ƙanjamau, kada a ji haushinsa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Tabon da ya wuce wata guda bai tafi ba, a kai shi asibiti. A tafi da kwalayen dukan man da aka shafa domin likita ya gani. Nan Katsina akwai Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Tarayya. In ana bukatar likitan fata na musamman a kan tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya.

2. Wanda ya daɗe yana shafa man sitiroyid ko yana shan ƙwayarsa, kada ya bari farat ɗaya. Likita zai nuna masa yadda zai rage.

3. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a bar soso mai kaushi. Tun jiki bai gama bushewa ba a shafa man kaɗanya ko basilin, balle da hunturu.

4. Kada a ɓamɓare ɓawo, kada a yi tsaga, kada a zuba toka ko kananzir ko ruwan batir.

5. A bar taba da giya, mai ƙiba ya yi ƙoƙarin ragewa. Yaron da maƙogwaronsa ke ciwo da zazzaɓi a kai shi a duba.

6. Iyaye, mu kula da bakinmu a gaban yara. Abin da muka faɗa a tsakar gida da dare, shi su ke kai wa 'yan'uwansu a makaranta da safe.

A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis ciwo ne mai tsanani wanda ba a ɗauka, ya kuma yi kira a daina ƙyamar masu shi. Kowace shekara ran 29 ga Oktoba a kan tuna da su. Mu ba sai mun jira Oktoba ba.

Mai hatsi yana bin maganinsa wata huɗu ke nan. Tabon bai tafi duka ba, amma ya kwanta, ɓawon kuma ya ragu ƙwarai. Ranar Litinin da ta biyo zuwansa asibiti muka zana wa yara labarin 'yan aiken nan a allo, muka amsa tambayoyinsu, yarinyar kuwa ta sami abokan zama. Kasuwa ce ba ta gama komowa ba tukuna, gama tsoro ya fi tabo wuyar magani. Mu dai a wurinsa mu ke sayen geronmu, da hannunsa kuma ya ke auna mana. In kuna da irinsa a layinku ko a unguwarku, ku miƙa masa hannu ku gaisa a gaban mutane, sa'an nan ku raka shi asibiti.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.